Fuska da Ginshiƙi: Nazari a kan Gine-ginen Garin Noto

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce duba irin kallon da ya kamata mai ziyara ya yi wa Noto, wani ƙaramin gari da ke kudu maso gabashin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, wanda ya yi suna saboda gine-ginensa na salon barok. Barok dai salon gini da sassaƙa ne da ya tsiro a Roma wajen ƙarshen ƙarni na 16, alamominsa kuwa su ne lanƙwasa bango, da yawan ado, da neman ɗauke hankalin mai kallo. Galibin masu yabon Noto ado suke yabo. A ganina adon shi ne mafi rauni cikin abin da garin ya mallaka.

Sai mun san yadda aka yi garin sannan za mu iya yi masa hukunci. Tsohon Noto yana bisa dutsen Alberiya, kuma shi ne gari na ƙarshe da ya fita daga hannun Musulmi a Sisili, a shekarar 1091. Ran 11 ga Janairu, 1693, girgizar ƙasa ta rushe shi tare da garuruwa da yawa na wannan yanki, mutum wajen 60,000 suka halaka. A lokacin Sisili tana ƙarƙashin Sifaniya. Hukuma da manyan gari suka zaɓi a sake gini a wani gangare mai nisan 'yan kilomita daga kangon. Talakawa da yawa ba su so ba, don kuwa gonakinsu da rafin da majema ke aiki a can suke. Jayayyar ba ta mutu ba sai a 1702. Stephen Tobriner ya bi diddigin wannan rikici a littafinsa The Genesis of Noto na 1982.

Watau Noto ba gari ne da ya yaɗu da kansa ba, unguwa bayan unguwa. Zana shi aka yi kafin a gina. Manyan titunansa uku sun miƙe daga gabas zuwa yamma, saboda haka manyan gine-gine da yawa suna fuskantar kudu, rana tana zuba a kansu yini guda. Dutsen da aka yi aikin da shi mai laushi ne, mai sauƙin sassaƙa, da la'asar kuma yakan rikiɗa ya koma ruwan zuma. Wanda ya shiga ta ƙofar Porta Reale, wadda aka gina a 1838, zai bi titi ɗaya ya ratsa dandali uku, kowane da majami'arsa a bisa matakala. A nan gwanintar take. Gangaren da zai zama wa wani magini matsala, su sun mai da shi dandamali, har ginin da bai kai ya kawo ba yakan yi kwarjini don kawai daga ƙasa ake ɗaga kai a dube shi.

Alal misali, a dubi majami'ar San Domeniko, aikin Rosario Gagliardi. Adonta kaɗan ne. Abin da ya yi shi ne ya turo tsakiyar fuskar ginin waje kamar ƙirjin mai taƙama, ya jera ginshiƙai hawa biyu, ya bar inuwa ta yi sauran aikin. Da hantsi siffarta daban, da yamma daban. Sannan a gwada ta da gidan Nicolaci, wanda kusan duk mai ziyara ke ɗaukar hotonsa. Barandunsa shida suna zaune bisa sassaƙen zakuna da dawaki masu fukafukai da 'yan ruwa da fuskoki masu yaƙe haƙora. Aikin hannu ne na ƙwarai, ba musu. Amma idan aka cire barandun, bango ne kawai miƙaƙƙe wanda ba shi da abin faɗa. Iyalin Nicolaci da kamun kifin tuna suka yi arziki kafin su sami sarauta, kuma ina jin ginin bai ɓoye wannan ba: sabon mai kuɗi ne ke shela daga bene.

Akwai kuma abin da tsarin ya ɓoye. Manyan tituna na majami'u ne da gidajen 'yan zuhudu da na masu sarauta. Gidajen waɗanda suka fasa dutsen suka ɗauko shi suna baya, cikin lunguna, kuma mai bin babban titi zai iya gama ziyararsa bai san da su ba.

Babbar hujjata ita ce abin da ya sami babbar majami'ar garin, ta San Nikolo, wadda aka kammala a 1776. Ran 13 ga Maris, 1996, ƙubbarta da rufin tsakiya da ginshiƙan gefe ɗaya suka zube, ba tare da wata girgiza a wannan dare ba. Bincike ya nuna cewa ginshiƙan, waɗanda daga waje suke kamar dutse zalla, an cika cikinsu da duwatsun rafi masu sulɓi da kwaɓi marar ƙarfi. Girgizar ƙasa ta 1990 ta riga ta tsattsaga su. Abin lura shi ne fuskar ginin da hasumiyoyinta biyu ba su faɗi ba. Mutanen da girgiza ta kora daga garinsu, a tsammani ƙarfin gini za su fara nema, amma ga shi inda ido ba ya kaiwa nan aka yi tsimi.

An sake buɗe majami'ar a 2007, shekara biyar bayan UNESCO ta sa Noto cikin jerin garuruwa takwas na yankin da ta ɗauka kayan tarihin duniya. A wannan karo an rushe har ginshiƙan da suka tsira aka sake su da dutse mai kyau ciki da waje. Zanen da ke cikin ƙubbar yanzu aikin ƙarni na 21 ne, kuma yana da kyau mai ziyara ya san haka tun kafin ya ɗaga kai.