LUDAYI GA MATA, LASIFIKA GA MAZA

Yau alƙalamin nawa ya ajiye zancen kishiya da uwar miji, ya nufi Samaru, ya tsaya a ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Maganata a kan ƙungiyoyin zumunta ne na ɗalibai Kirista, da yadda suke rabon muƙamai a tsakaninsu. Kada wata ta ce ina ruwana, domin mu mutanen Samaru da Sabon Gari katanga ɗaya ta raba gidajenmu, famfo ɗaya muke bin layi, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ga wadda ba ta sani ba, waɗannan ƙungiyoyi ba jiya aka fara su ba. FCS, wadda ta fi suna a nan Arewa, an kafa ta a Gindiri cikin 1957, wato ta girmi jami'ar kanta da aka buɗe a 1962. 'Yan Katolika suna da tasu, NFCS, sannan coci-coci da dama kowace tana da reshen ɗalibanta. Kamar dai yadda ɗalibai Musulmi suke da MSS tun 1954, da Amir da Amira, haka su ma suke da shugaba da mataimaki, da sakatare, da ma'aji, da mai kula da addu'a, da mai kula da nazarin Littafi Mai Tsarki, da shugaban mawaƙa, da shugabar 'yan'uwa mata, da masu kula da jin daɗin jama'a.

Gaskiya ɗaya ce, sai na fara da yabo. Yaro ɗan shekara ashirin a ba shi kuɗin baiko ya riƙe, ƙarshen zango ya tsaya gaban jama'a ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, shekara tana cika ya miƙa littafi da makulli ga wani ba tare da ya nemi tazarce ba, ai wannan tarbiyya ce da manyanmu da yawa suka rasa. Ɗalibar da ta kwanta a asibitin Shika, iyayenta suna can Kafanchan ko Mubi, 'yan zumunta ne za ki gani da kwanon abinci a bakin gadonta. Sabuwar ɗaliba da ta sauka ba ta san gabas ba, su ne ke nuna mata hanyar Amina ko Ribadu. Wannan kam Allah ya saka musu.

To amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ki zauna ranar da ake miƙa mulki, ki saurari sunaye da kyau. Shugaba galibi namiji, mai koyar da Littafi namiji, mai jagorancin addu'a namiji. Sai an gangaro kan abinci da ƙawata zaure da tarbar baƙi da shara, sannan za ki ji sunayen mata suna zubowa kamar ruwan Agusta. An ɗora wa kowa hannu an yi masa addu'a iri ɗaya, kowa ya ɗauki alkawari iri ɗaya, amma kayan da aka aza musu ba nauyinsu ɗaya ba. Aikin mai lasifika yana da lokacin farawa da na gamawa, kuma kowa ya gan shi. Aikin mai ludayi tun jajibere yake farawa, ba ya ƙarewa sai an wanke tukunya ta ƙarshe, kuma ba a tuna ta sai in abinci bai isa ba.

Akwai wata yarinya da ta yi haya a gidanmu a Hayin Dogo, mai hankali, mai ladabi, ba ta wuce ni ba ta ce ina kwana Anti ba. Tana aji uku wata ƙungiyar zumunta, wadda ba zan kama sunanta ba, ta ba ta kula da jin daɗin jama'a. Daga ranar ɗakinta ya koma sito. Kuloli da bokitai da buhun shinkafa suka kori teburin karatu. In za a yi taro ita ce mai hawa bas ta Palladan da Kwangila zuwa kasuwar Sabon Gari, ta yi cinikin mai da tumatir da kifi, ta dawo ta hura gawayi, kuma sau da yawa kuɗin mota daga aljihunta. Tsakar dare wayarta ba ta hutawa da saƙon WhatsApp, wance ba lafiya, wane ba shi da kuɗin abinci. Na taɓa ce mata, ke 'yar nan yaushe kike karatu? Ta yi murmushi ta ce, Anti, wanda nake wa aiki ba zai bar ni in kunyata ba. Sakamako ya fito da kwas biyu a kanta, abin da suke ce wa kari-oba, har ta ƙara shekara. Uwarta mai sayar da ƙosai ce ta sake biyan haya da kuɗin makaranta. Shugabansu kuwa ya gama da tsararsa, hotonsa yana cikin kalanda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ce imaninta ne ya kayar da ita ba, haba! Rashin lissafin waɗanda suka aza mata kaya ne. Jami'a tana da dokarta, sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lacca kafin ya cancanci zama jarrabawa, kuma malami ba ya ba da maki don an dafa wa taro shinkafa. Ga shi bayan yajin aikin ASUU na wata 8 a 2022 an matse zangon karatu don a cike giɓi, amma wa ya ji an ce a rage taruka saboda haka? Ƙungiyar da take ƙirga waɗanda suka zo addu'ar dare, ba ta tambayar wa ya shiga laburare, ta riƙe amana ɗaya ta saki ɗaya.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce hidima ce, babu babban aiki babu ƙarami a wurin Allah, kuma mai ƙasƙantar da kansa shi ne babba. Na yarda. To in haka ne, me ya hana samarin su ma su nemi wannan lada? Littafin da suke nazari kowane mako ya riga ya raba gardama. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi ƙorafi kan rabon abinci ga gwauraye mata, maza bakwai aka zaɓa aka ɗora musu hannu don wannan aiki, cikinsu har da Istifanus. A Luka sura 10 kuma, da Marta ta kai ƙarar 'yar'uwarta Maryamu don ta bar ta da aikin gida ta je ta zauna sauraren koyarwa, Yesu Almasihu bayan Maryamu ya bi. Ga Debora da ta yi wa jama'a guda shari'a. To daga ina aka samo cewa ludayi gadon mace ne?

Ba ma sai an je nesa ba. Ki leƙa kowace majami'a a Sabon Gari ko Wusasa ki ga Zumuntar Mata. Su ke zaɓen shugabarsu, su ke riƙe asusunsu, su shirya taron da zai tara mata daga garuruwa, su yi koyarwa, su yi waƙa, a watse lafiya. 'Ya'yan waɗannan matan ne fa ake ce wa ba su iya komai ba sai yanka albasa.

Kuma kujerar shawara ba wasan yara ba ce. A watan Maris na 1987 rigima ta tashi a wajen wani taron wa'azi na ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Zariya, aka ƙona majami'u da yawa, maƙwabta suka daɗe suna kallon juna a kaikaice. Manyanmu ba su manta ba. Inda ake yanke wa za a gayyato, me za a faɗa, a ina za a kafa lasifika, wuri ne da ke bukatar kowane mai hankali. Ba daidai ba ne a lokacin da ake wannan shawara rabin masu hankalin suna bayan ɗaki suna fifita wuta.

Saboda haka ke ƙanwata da aka kira sunanki, kafin ki ce na yarda, ki tambaya: awa nawa aikin zai ci a mako, su wa za su taya ni, kuma in jarrabawa ta matso wa zai karɓe ni? Tambaya ba rashin bangaskiya ba ce, alkawari kaya ne, gara ki auna shi tun yana ƙasa. In kina da baiwar koyarwa ko riƙon kuɗi, ki buɗe baki ki faɗa, kada kunya ta tura ki madafa.

Ke kuma uwa, in 'yarki ta bugo waya tana murna an ba ta muƙami, ki sa mata albarka, sannan ki ce ta turo miki sakamakonta kowane zango. Ku kuma malamai da fastoci masu lura da yaran nan, a riƙa juya aiki, bana ɗa namiji ya je Sabon Gari cefane, 'ya mace ta riƙe nazari. A kafa doka, mako biyu kafin jarrabawa a rufe taruka ban da sujada. Duk wanda makinsa ya faɗi a sauke masa kaya cikin mutunci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kuma ba a ce hannun mace kaɗai zai yi ta ɗauka ba.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya zaunar da garinmu lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.

Taku har kullum.