Yadda Ake Cin A1 a Adabin Turanci

A jarrabawar kammala sakandare ta WAEC, hukumar da aka kafa a 1952 take kuma yi wa Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya aiki, sakamako yana farawa daga A1 ya gangara zuwa F9. Idan ɗaliba ta ciyo A1 a adabin Turanci, sai ka ji ana cewa ai baiwa ce. Akwai baiwar, amma wanda ya zauna ya lura da yadda take aiki zai ga sana'a ce sosai, mai kayan aiki da matakai, kuma abin sha'awa ce a kalla.

Kayan aikin ba su da yawa: littattafan da hukuma ta zaɓa, fensir, ƙamus, littafin rubutu mai kauri, tambayoyin shekarun baya, da agogo. Kafin ta taɓa ko ɗaya, sai ta san filin da za ta shiga. Takardu uku ne. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin awa guda: 20 a kan sanin adabi gaba ɗaya, 10 a kan wani guntun zube da wata waƙa da ba ta taɓa gani ba, 20 kuma a kan wasan Shakespeare. Ta biyu ta ƙagaggun labarai ce, amsa biyu. Ta uku ta wasan kwaikwayo da waƙa ce, amsa huɗu cikin awa biyu da rabi.

Daga nan sai karatu, kuma kowane littafi sau uku take bin sa, kamar yadda marinin Ƙofar Mata yake tsoma zane a baba ya ɗaga ya sha iska ya sake tsomawa, har launin ya kama. Karatun farko na jin daɗi ne, ba ta tsayawa sai kalma ta tare mata hanya. A na biyu fensir yake shigowa. Duk inda wani tauraro, wato ɗaya daga cikin mutanen labarin, ya faɗi maganar da ta tona halinsa, sai ta ja layi. Duk inda labari ya juya, sai ta sa alama a gefen shafi. A na uku ba labarin take bi ba, marubucin take bi: me ya sa ya ajiye wannan a nan, me ya sa ya sa wannan magana a bakin wancan?

Ga misali daga littattafan da aka sa daga 2021 zuwa 2025. A wasan Wole Soyinka, The Lion and the Jewel, kowa zai iya gaya maka cewa Baroka, dattijon sarkin Ilujinle, ya kayar da malamin makaranta Lakunle ya auri Sidi. Mai karatu na uku kuwa takan lura cewa an raba wasan gida uku, safe da rana da dare, kuma yadda rana take tafiya haka alfaharin Sidi yake hawa ya faɗo. A Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda ya fito a 1847, takan lura cewa labarin daga bakin Nelly Dean yake zuwa wa Lockwood kafin ya iso gare mu, don haka sai ta riƙa tambayar kanta ko mai ba da labarin tana da ɓangaren da ta ɗauka.

Abin da fensir ya tsinto, littafin rubutu yake komawa. Kowane tauraro da shafinsa: halinsa, abin da ya aikata, wurin da ya aikata shi, da gajeruwar magana ɗaya ko biyu daga bakinsa da za ta haddace. Kowane jigo ma da shafinsa. Jigo shi ne saƙon da ke ƙarƙashin labari, kamar karon gargajiya da zamani a wasan Soyinka, ko danniyar da Adah ta sha a Landan a Second Class Citizen na Buchi Emecheta. A ƙarƙashin kowane jigo takan jera aukuwa uku ko huɗu da suke tabbatar da shi.

Waƙa kuma da kunne ake fara ta. Takan karanta da ƙarfi don ta ji kari da amsa-amo, sannan ta tambayi wa ke magana, da wa yake yi, cikin wane yanayi. Sai ta bi baiti-baiti tana neman adon harshe: kamantawa, inda aka ce abu kamar wani abu yake, siffantawa, inda aka ce shi ne ma kai tsaye, mutuntarwa, inda aka ba iska ko itace halin ɗan Adam. Gwanintarta ita ce ba ta tsayawa ga kiran sunan adon. Sai ta faɗi aikin da ya yi a wannan ɗango, da abin da waƙar za ta rasa in an cire shi.

Ranar jarrabawa ake ganin amfanin duk wannan. Rahotannin manyan masu duba takardu na hukumar sun sha kokawa da abu biyu: ɗalibai ba su san littafin ba, kuma suna zuba labari a inda aka nemi sharhi. Ita takan fara da jan layi a ƙarƙashin kalmar umarni, domin tattaunawa daban, kwatantawa daban, bayyana rawar da tauraro ya taka daban. Sai ta ɗauki minti biyar ta jera batutuwa huɗu a gefe. Kowane sakin layi kuma hawa uku ne: da'awa, hujja, bayani. In an tambaye ta wayon Baroka, sai ta ce mutum ne mai sanin raunin kowa. Hujjarta, ya gaya wa uwargidansa Sadiku ƙaryar cewa ƙarfin mazantakarsa ya ƙare, don ya san ba ta riƙe sirri. Bayaninta, da wannan ƙarya ya jawo Sidi ta kawo kanta fada da niyyar yi masa ba'a. Jimla uku, kowacce da makinta. Idonta kuma yana kan agogo: minti 150 a raba huɗu, kowace amsa ba ta kai minti 40 ba, kuma ta saba da wannan tun a gida.

Wanda ya jira saura mako guda ya sayi ɗan taƙaitaccen littafi a bakin makaranta zai san wa ya auri wa, amma ba shi da abin da zai kafa hujja da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba banza ba jami'o'in Najeriya suke neman kiredit a wannan darasi ga mai son karatun lauya. Karanta rubutu a tsanake, gano abin da aka faɗa da abin da aka ɓoye, yin da'awa a kafa mata hujja cikin ƙayyadadden lokaci, aikin lauya ke nan a gaban alƙali, aikin ɗan jarida ke nan da malami. Yarinyar da ta koye shi a ajin ƙarshe na sakandare za ta ci gaba da cin moriyarsa shekaru da dama bayan an daina tambayarta sakamakon WAEC.