Turmi, Ganga da Aruli: Ina Karin Waƙar Hausa Yake?

Tun daga shekarar 1949, lokacin da Joseph Greenberg ya buga nazarinsa a kan ma'aunin waƙoƙin Hausa, hanya guda ce ta fi rinjaye wajen auna rubutacciyar waƙa, wato hanyar arulin Larabci. Ita M. K. M. Galadanci ya bi a maƙalarsa ta 1975 cikin Harsunan Nijeriya, inda ya kamanta dangantakar waƙar Hausa da ta Larabci da aure. Ita kuma Mervyn Hiskett ya bi a littafinsa na tarihin waƙoƙin addini na Hausa, wanda ya fito a wannan shekara. Hanyar ta yi amfani ƙwarai, babu mai musun haka. Illarta ita ce ta saba wa ɗalibi da auna waƙa da ido a kan takarda, alhali kuwa Bahaushe rera waƙa yake yi, ko a rera masa, ko da rubutacciya ce.

Tushen hanyar ba shi da wuyar ganewa. Gaɓar Hausa iri biyu ce. Akwai gajera, mai baƙi da gajeren wasali, akwai kuma doguwa, mai dogon wasali ko wadda baƙi ya rufe. Kalmar "taɓarya" gajera ce da dogaye biyu, don haka ta dace da ƙafar da malaman aruli ke kira fa'uulun. "Masara" gajeru biyu ce da doguwa ɗaya, "gona" kuwa dogaye biyu. Mai nazari sai ya yanka ɗango gaɓa-gaɓa, ya tara ƙafafuwa, ya nemi baharin da ya dace cikin goma sha shida. Inda ɗango ya ƙi zama daidai sai a kira zihafi ko illa, in kuma abin ya ci tura a ce mawaƙi ya karya kari. A wannan hukunci na ƙarshe ne ake yawan zaluntar mawaƙa.

Wanda yake son ya ji abin da takarda ke ɓoyewa, ƙasar Ungogo da ke arewacin birnin Kano makaranta ce a gare shi. A nan ne M. J. Mortimore da J. Wilson suka yi binciken da suka buga a 1965 game da cunkoson manoma a kewayen Kano, ƙasar da ake noma gona kowace shekara ba hutu, da taimakon takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Su ƙasa da jama'a suka nazarta, amma abin da suka bayyana yana da ma'ana ga mai nazarin waƙa. Inda gidaje suka matsu haka, aiki kuma duk na hannu ne, yaro yakan tashi cikin ƙarar turmi daga kowace kusurwa, kunnensa ya san bugu tun kafin bakinsa ya san baiti.

A dubi lugude. Mata biyu ko uku sun kewaye turmi guda, taɓaren suna sauka ɗaya bayan ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, domin wadda ta yi gaggawa ko ta yi nawa taɓaryarta za ta yi karo da ta 'yar'uwarta. Gwana cikinsu takan cilla tata sama, ta tafa hannu, ta cafe, ta sauke a daidai lokacinta. Waƙar da ke bakinsu a kan wannan bugu take tafiya. Wani ɗango kalmominsa su yi yawa, sai a tsuke su. Wani su yi kaɗan, sai a ja wasalin ƙarshe, ko a yi shiru a bar taɓarya ta cika gurbin. To, in aka rubuta kalmomin kaɗai, ɗango na farko zai fito dogo, na biyu gajere, mai aruli ya ce babu kari. Amma matan ba su kuskure ko sau ɗaya ba. Shirun nan da tafin nan suna cikin lissafi, alƙalami ne bai ɗauke su ba.

Haka abin yake a gayya, inda mai gangar noma ke bin bayan samari yana kiran takensu. Hannun da ya ɗaga garma dole ya sauke ta, makaɗi kuwa da wannan sauka yake auna maganarsa. Haka yake kuma ga manyan makaɗa. Duk wanda ya taɓa rubuta ɗiyan waƙar Mamman Shata ya san ba su zuwa tsawo ɗaya, amma 'yan amshi ba su taɓa ruɗewa game da inda za su karɓa, saboda kalangu ne ke riƙe musu ƙidaya.

Za a iya cewa wannan sha'anin waƙar baka ne, rubutacciya kuwa gadon malamai ce. Ɗalhatu Muhammad ya daɗe da nuna cewa babu katanga tsakanin biyun. Misalin da aka fi sani shi ne Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, wadda aka ɗora a kan karin kiɗan caji, ko da yake masu aruli sun sama mata gurbi a baharin ramal. Malam Aliyu makaho ne, da kunne ya auna baitocinsa, da kunne kuma almajirai da makafi suka ɗauke su suka yaɗa. Aƙilu Aliyu ma ya sha aron karin makaɗa. Wani abin lura kuma shi ne baharin mutadarak, wanda Russell Schuh ya yi wa nazari a 1989. Asalin ƙafarsa a littattafan aruli faa'ilun ce, doguwa, gajera, doguwa. Amma a waƙoƙin Hausa da ake ba wannan suna abin da ake samu shi ne ƙafa irin ta "masara" tana musanya da irin ta "gona". Dalilin a fili yake ga mai tafa hannu: gajeru biyu suna cin lokacin doguwa ɗaya. Kiran wannan zihafi a kusan kowace ƙafa ta waƙa, mai da ƙa'ida ne ta koma togaciya. Su kansu Larabawa suna ba da labarin cewa Halilu ɗan Ahmad na Basra, wanda ya tsara aruli a ƙarni na 8, daga ƙarar gudumar maƙera a kasuwa ya fara tsinkayo ilmin. In labarin ya inganta, to aruli ma a wurin masu aikin hannu aka haife shi.

Sai dai kada a zarce a ce nauyin gaɓa ba kome ba ne, bugu ne kome. Nazarin da Bruce Hayes da Schuh suka yi a kan rajaz na Hausa, wanda aka buga a 2019 bayan rasuwar Schuh, ya nuna cewa marubuta suna kiyaye tsarin gaɓoɓinsu sosai, kuma masu rerawa daban-daban sukan ɗora bahari guda a kan rauji iri-iri. Ashe ke nan ma'auni biyu ne ke aiki tare, na kalma da na murya, kuma gwanintar mai rerawa tana wurin da ya sasanta su. Mai feɗe waƙa da ya tsaya ga na farko rabin aiki ya yi, kuma ba shi da hurumin yanke hukuncin karyewar kari sai ya ji an rera.

Abin damuwa shi ne ma'auni na biyu ya fi saurin ɓacewa. Birni ya riga ya haɗiye Rijiyar Zaki da Bachirawa, gonaki sun zama filoti, injin surfe da na niƙa sun karɓe yawancin aikin turmi da dutse, gayya kuma ta ja baya. Ɗaliban jami'o'i suna shiga ƙauyuka irin su Panisau da Rangaza suna tattara waƙoƙin daka da na niƙa da na daɓe don kundayensu, wannan abin yabo ne. Amma sau da yawa tsohuwa ce ake zaunarwa a kan tabarma ta faɗi kalmomi, ba turmi ba taɓarya, a rubuta, a jera a rataye. Bayan shekara hamsin wanda ya buɗe kundin zai tarar da ɗangogi masu tsawo dabam-dabam, ya ɗauko aruli ya auna, ya rubuta cewa matan Ungogo ba su san kari ba. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi a yau tana ɗaukar murya, kuma har yanzu akwai gidajen da ake daka fura da turmi.