Bud Abbott, gwanin ɗaure fuska

A fim ɗin It Ain't Hay da kamfanin Universal ya fitar a 1943, Lou Costello ya fito a direban tasi mai suna Wilbur, wanda ya ba wani dokin jan keken haya alewa saboda ƙauna, doki ya ci ya ce ga garinku nan. Mai dokin talaka ne, ga 'yarsa ƙarama, kuma da dabbar nan suke ci. Wilbur da abokinsa Grover, wato Bud Abbott, suka bazama neman kuɗin sayen wani. Suka shiga gidan caca suka ciyo, ɗan damfara ya wanke Wilbur tas, sannan aka ce musu akwai wani tsohon doki kyauta a filin sukuwa. Garin ɗauko shi suka kwanto zakaran sukuwa mai suna Tea Biscuit, sunan da ke shaguɓe ga Seabiscuit, dokin da Amurka ta haukace a kansa a 1938. Sauran rikicin a filin sukuwar Saratoga aka ƙarasa shi. Tushen labarin na Damon Runyon ne, marubucin da ya san 'yan cacar New York ciki da bai.

Idon mai kallo a kan Costello yake tsayawa, gajere mai tumbi da muryar yaro, shi ke faɗuwa, shi ke kuka. Ni kuwa dogon sirirrin nan da ke gefensa nake kallo, domin a hannunsa aikin yake.

A dubi wurin da Abbott yake koya wa abokinsa harkar dawaki. A Turancin mutanen filin sukuwa, sunan dokin da ya iya gudu cikin taɓo ya yi kama da kalmar uwa, sunan harawar da yake ci kuma ya yi kama da kalmar uba. Abbott na maganar doki da abincinsa, Costello na jin ana cewa namiji ya zama uwa, uwar kuma tana cin uba. Jimla ɗaya ta isa ta warware ruɗanin. Gwanintar Abbott ita ce ya hana jimlar nan fitowa ba tare da mai kallo ya ga yana ɓoye ta ba. Duk tambayar da Costello ya yi, amsar da zai samu gaskiya ce tsantsa, amma ƙara dulmuya shi take yi. Abbott ba ya murmushi, ba ya satar kallon kyamara. Fuskarsa ta mutumin da ke bayanin abin da kowane yaro ya sani ce, har yana ƙosawa da wannan dolo da ya kasa ganewa. Da zai nuna ko da ƙyaftawar ido cewa ya san wasa ake yi, da komai ya rushe nan take.

Sai kuma lokaci, wanda ya fi wuyar gani. A dandali, idan jama'a suka fashe da dariya, mai ɗaure fuska ne ke auna ta da kunne. In ya yi magana da wuri ya danne dariyar, zancen kuma ya ɓace cikin hayaniya. In ya makara wuri ya huce. Abbott yakan jefo kalmarsa daidai sa'ad da dariya ta fara sauka, yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan har Costello ya kai ga ihu. Fim ba shi da 'yan kallo a gaban mai wasa, don haka da ma'aunin da ya haddace a dandali yake barin gurbin dariyar da za a yi a silima watanni bayan nan. Costello kuma ba ya zama a kan rubutu, yakan ɓalle ya ƙirƙiro nasa. Abbott zai sakar masa linzami ya ɗan yi nisa, sannan ya daka masa tsawa ya dawo da shi daidai inda suka tsaya. Wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan gambara a kasuwa ya san haka: mai sakin zance ke karɓar shewa, amma abokin da ke amsa masa ke riƙe da kiɗan.

Akwai kuma sadaukarwa a ciki. Abbott ne mugun, shi ke cin zalin abokinsa, ya yi masa wayon kuɗi, ya kwaɗa masa mari. Yana yin haka da gangan don tausayin jama'a ya tattaru a kan Costello, kuma mutum ya fi dariyar wanda yake tausayi.

Ba a makaranta ya koya ba. A gidajen wasan barkwanci na Amurka ya yi shekaru yana sayar da tikiti, yana kallon gwanaye dare bayan dare, kafin shi ma ya hau dandali. Sun fara wasa tare da Costello a New York a 1935, suka zama abokan sana'a a 1936, suka shiga rediyo a shirin Kate Smith a 1938, inda masu sauraro suka kasa bambanta muryoyinsu har Costello ya sirance tasa. Ba don muryarsa aka san Abbott ba, sai don abin da yake yi da ta wani.

Mutanen sana'ar sun san darajar wannan aiki, shi ya sa a al'adar gidajen wasan mai ɗaure fuska ke ɗaukar kashi 60 na kuɗi, mai ban dariya 40, kuma sunansa ke zuwa farko a allo. Haka su ma suka fara. Da suka yi suna a Hollywood, har suka zama kan gaba wajen jan 'yan kallo a 1942, Costello ya tsaya kai da fata sai da aka juya rabon ya koma shi ke da 60. Sunan dai bai samu ya juya ba. Dukkansu biyu 'yan caca ne a zahiri, hukumar haraji kuma ta biyo su ta kwashe mafi yawan abin da suka tara, suka rabu a 1957.