Kyamarar dijital: Ina hotunan da muka ɗauka?

 A yau shirin zai yi bitar irin sauyin da fasahar dijital ta kawo a harkar ɗaukar hoto da wanke shi, domin mu ga inda ta cika alƙawari da kuma inda, a ganina, ta bar mu da jangwam.

Bari in fara da tambaya. A cikinku wa zai iya nuna hoton da ya ɗauka da wayarsa ta farko mai kyamara? Na yi wa abokan aiki wannan tambaya a ofis, kowa sai ya yi dariya. Wani ya ce wayar ta faɗa ruwa, wani ya ce an sace, wata kuma ta ce katin memorin yana nan amma ya daina buɗewa. Ni kaina hotunan sunan ɗana na fari haka suka salwanta a hannun mai gyaran waya, wanda ya goge komai kafin ya tuna ya tambaye ni. Amma kuma hoton auren kakata, baƙi da fari, wanda aka ɗauka a wani shagon mai hoto tun kafin a haifi mahaifiyata, yana nan a ƙasan akwatin goggona, gefensa kawai ya ɗan ci.

To ta yaya muka zo nan? A shekara ta 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka mai suna Steven Sasson ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya kai kilo 3 da rabi, hoton da take ɗauka baƙi da fari ne mai ɗigo dubu 10 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama zuba hoto ɗaya a kan kaset irin na rikoda. Abin da ya maye gurbin fim a cikinta wani ɗan faranti ne mai mayar da haske zuwa lantarki, wanda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a 1969, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2009. Wato a maimakon haske ya ƙona sinadarin azurfa da ke jikin fim, sai a auna shi a rubuta shi da lambobi.

Babu mai musun alherin da wannan ya kawo, kuma ba zan tsaya dogon bayani a kansa ba. A da fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, sai ka kai an wanke sannan ka san ko amarya ta rufe ido. Wanda ke Jidda ko London in zai aika hoto gida sai ya nemi matafiyi ko ya sa a ambulan ya yi ta addu'a. Yanzu kuwa ana raɗa suna a Kumasi, kafin a gama rabon goro kawu ya ga jariri a New York. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa.

Inda na fara samun matsala shi ne yadda kamfanoni suka riƙa tallar wannan ci gaba. Shekara da shekaru abu guda suke kaɗa mana a kunne, wato yawan megafiksel, ma'ana yawan miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto. Daga biyu aka koma biyar, aka koma goma sha biyu, har a 2023 kamfanin Samsung ya fito da waya mai megafiksel 200. To amma bari mu yi ɗan lissafi. Katin hoto na yau da kullum, mai faɗin santimita 10 da tsawon 15, in ana so ya fito tas, ɗigo miliyan biyu da 'yan kai ya ishe shi. Ita kanta wayar mai 200, in ba kai ka shiga ka sauya mata tsari ba, tana haɗe ɗigo 16 ne su zama ɗaya ta ba ka hoto mai kimanin megafiksel 12, saboda kowane ɗigo ya yi ƙanƙanta har ba ya iya kama isasshen haske shi kaɗai. Sannan da ka tura hoton ta WhatsApp, sai manhajar ta matse shi ta zubar da mafi yawan abin da ka biya kuɗi dominsa. Abin da ke gyara hoto shi ne girman farantin da kyan gilashin kyamara da kuma haske, amma waɗannan ba su da daɗin rubutawa a jikin kwali kamar lamba mai sifiri biyu.

Akwai kuma wani labari da ake yawan maimaitawa a azuzuwan koyon kasuwanci, cewa wai Kodak ya mutu ne saboda ya raina dijital. Wannan labari rabinsa ne kawai gaskiya. Kodak ne ya fitar da kyamarar dijital ta ƙwararru a 1991, kuma a 2005 shi ne kan gaba wajen sayar da kyamarorin dijital a Amurka. Matsalar ita ce ribarsa ba a kyamara take ba, tana cikin fim da sinadarin wanki da katin hoto, wato abin da mutum zai dawo ya sake saye kowane wata. Ko a 2001 da ya sayi wani shafin ajiye hotuna a intanet mai suna Ofoto, tunaninsa shi ne mutane su zuba hotuna sannan su ba da odar a buga musu a kati. Mutane suka zuba, amma ba su buga ba. A watan Janairun 2012 kamfanin da ya taɓa ɗaukar ma'aikata sama da dubu 140 ya nemi kariyar kotu saboda bashi, kuma watanni uku bayan haka Facebook ya sayi Instagram, mai ma'aikata 13, a kan dala miliyan dubu ɗaya. Su ma masu ƙera kyamarar dijital ba su tsira ba. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan sun nuna an fitar da kimanin miliyan 121 a 2010, amma a 2020 ba su kai miliyan 10 ba, waya ta cinye kasuwar.

Ke nan babban abin da ya sauya shi ne mun daina wanke hoto. Kuma a nan ne nake ganin an yi mana sakiyar da ba ruwa. A zamanin fim, duk hoton da aka ɗauka yana barin abu biyu da za ka riƙe a hannu, kati da kuma nagetif ɗinsa. Ba ka buƙatar caji ko lambar sirri ko biyan kuɗin wata kafin ka gan su, ido da haske sun wadatar. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya wanda aka ɗauka da kyamara, na wani Bafaranshe Nicéphore Niépce, an yi shi ne wajajen 1826 ko 1827 a kan farantin ƙarfe, yana nan a Jami'ar Texas, ya dushe amma ana ganinsa. Shi kuwa hoton da aka ajiye a faifan fulofi shekaru 25 da suka wuce, yau sai ka sha yawo kafin ka sami kwamfutar da ke da ramin sa shi.

Wani zai ce ai yanzu a intanet ake ajiya, ba a faifai ba. Haka ne, to amma rumbun na wa ne? A 2019 shafin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi da hotuna da bidiyo na shekaru masu yawa da mutane suka ɗora, a lokacin da yake sauya na'urorin ajiya. A wannan shekarar dai Flickr ya ƙayyade wa masu asusun kyauta hoto dubu ɗaya. A watan Yunin 2021 kuma Google ya kawo ƙarshen ajiyar hotuna kyauta ba iyaka. Ba wai ina cewa sun yi laifi ba ne, kasuwanci suke yi, amma wanda ya ajiye hatsinsa a rumbun wani ya san ba shi ke da mabuɗi ba. Abin ban sha'awa, Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin intanet, kuma babban jami'i a Google ɗin kansa, ya yi gargaɗi a wani taron masana kimiyya a 2015 cewa za a iya wayar gari tarihin wannan ƙarni ya ɓace saboda babu na'urar karanta shi, inda ya shawarci jama'a su buga hotunan da suke ji da su a kan takarda.

Mu dubi abin da nagetif ya yi wa Afirka ta Yamma. Malick Sidibé na Bamako ya kwashe shekaru yana ɗaukar samari da 'yan mata a wuraren rawa da kuma cikin shagonsa, yana jera nagetif a kwalaye. Daga cikin kwalayen nan aka sake wanke hotunan da suka zagaya duniya, har aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venice a 2007. Haka James Barnor na Ghana, tsohon mai shagon Ever Young a Accra, wanda aka yi wa babban baje koli a London a 2021 yana da shekaru sama da 90. Yau duk mai son ganin irin ɗinki da aski da ɗaurin ɗankwalin wancan zamani, wurinsu zai je. Ina tambayar kaina, mai hoton bikin da ke goge katin memori duk ranar Litinin don ya sami wurin bikin Asabar mai zuwa, me za a tarar a shagonsa nan da shekaru 50?

Sai dai kada a ɗauka ina cewa fim ba ya lalacewa. Duk wanda ya buɗe albam na shekarun 1980 ya ga yadda hotuna masu kala suka koma ja-ja kamar an jiƙa su da zoɓo. Danshi yana cin nagetif, gara tana cin kati, gobara kuwa ba ta barin ko ɗaya, alhali hoton dijital ana iya kwafarsa sau dubu ba tare da ya rage kyau ba. Bambancin shi ne kati yana tsufa a hankali kana gani, shi kuwa fayil lafiya lau yake yau, gobe babu shi gaba ɗaya.

Kuma ko bugawar ma sai an lura, domin ba kowane kati ne kati ba. Ƙananan firintocin gida da ake sayarwa da arha, a tawada kamfani ke fanshe kuɗinsa, kuma yawancinsu tawadar rini ce mai narkewa a ruwa, wadda in an rataye hoton inda rana ke bugu ba ta jimawa take kwaranyewa. Tawadar da aka yi da garin launi ta fi ta ƙarko nesa ba kusa ba. Akwai kuma injinan manyan shaguna da ke haska hoton dijital da hasken leza a kan katin hoto na ainihi mai sinadarin azurfa, sannan su wanke shi kamar yadda ake yi a da. In za ku kai a buga muku, ku tambayi mai shago wanne yake amfani da shi, ku kuma ba shi hoton asali daga cikin waya, kada ku ba shi wanda ya riga ya bi ta WhatsApp.

Ni dai abin da na koma yi tun bayan asarar hotunan sunan nan shi ne, duk ƙarshen shekara ina zaɓar hoto 30 in kai a wanke, in rubuta suna da wuri da shekara a bayan kowanne da fensir, sauran kuma in kwafe su wuri biyu daban. Goggona da ta ga na farko ta juya bayansa ta karanta, sannan ta ce in ƙara mata biyu ta sa a akwati.