Shaihu Umar da Waƙoƙin Makaɗa: Nazarin Wata Dabarar Koyarwa

Akwai wata dabara da wasu malaman Hausa su ke bi in sun zo karantar da littafin ƙagaggen labari, watau su umurci ko wane ɗalibi ya kawo wata waƙa ta makaɗa wadda ya ga ta dace da wani jigo na littafin, ya kuma faɗi dalilinsa. Dabara ce mai kyau, gama yaron da bai taɓa buɗe baki a aji ba, da an ambaci Shata sai a ga ya gyara zama. Amma fa tana da rami, kuma littafin da ya fi bayyana ramin nan shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Littafin nan yana cikin waɗanda aka samu daga gasar da R. M. East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, aka buga shi a 1934, marubucin yana saurayi, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba. Dangantakarsa da ƙasar Zazzau ba ta tsaya ga ɗab'i ba. Uwar Umar mutuniyar Fatika ce, Makau kuwa, mijinta na biyu, da aka kore shi daga Kagara a Maƙarfi ya sami mafaka. Saboda haka malamin da ke karantar da shi a wata makaranta ta wajen Ƙofar Gayan, a kudancin ganuwar birnin Zariya, labarin gida ya ke karantarwa. Wanda ya tsaya a bakin ƙofar nan ya fuskanci kudu, yana duban nahiyar da mahayan Zazzau su ke kai wa hari a ƙarni na 19, kuma a aji guda ba a rasa jikokin waɗanda suka kama da jikokin waɗanda aka kama. Ya kamata malami ya riƙe wannan a zuciya tun kafin a kunna waƙa ta fari.

Tsira ita ce ginshiƙin labarin. An haifi Umar maraya, aka sace shi yana ƙarami, kura ta cinye wanda ya sace shi ta bar yaron, mahara suka sake kama shi aka kai shi Kano, Balarabe Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa, ya yi karatu har ya zama shaihi, a kan hanyar komowa kuma guguwar rairayi ta binne ayarinsu shi ya kuɓuta. Abin lura shi ne yadda ya ke tsira. Turawa suna da nasu littafin tsira, Robinson Crusoe na Daniel Defoe (1719), inda mutum guda ya yi shekara 28 a tsibiri yana gini, yana shuka, yana ƙidayar kwanaki. Da wayonsa da hannunsa ya rayu. (Ba a cika tuna wa ɗalibai cewa jirgin da ya fashe da shi sayen bayi za shi gaɓar Afirka ba.) Umar bai gina kome ba, bai ƙulla wata dabarar gudu ba ko sau ɗaya. Ana ɗaukarsa ana ajiyewa, yana haƙuri, Allah yana kiyaye shi. Duk waƙar da za a ɗora a kansa sai an auna ta da wannan ma'auni.

To, waƙar da ɗalibai su ke fara kawowa ta Ɗan Maraya Jos ce, kuma ba su yi kuskure ba. Adamu Wayya (1946–2015) iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin Bukuru ya riƙe shi, laƙabinsa ma maraicin ya ke faɗa, kamar yadda Umar ya tashi a hannun waɗanda ba su haife shi ba. In an zo babin Makau, inda fadawa suka tsegunta wa Sarki ƙarya cewa ya ɓoye bayin da ya kamo, har aka washe gidansa aka kore shi, to “Gulma-Wuya” ta zauna daram, ko da shi ke ita a kan sha'anin aure ta ke, shi kuwa a fada abin ya same shi. Haka nan “Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali” ta dace da Ado, wanda ya yi wa uwar Umar alkawarin kai ta ga ɗanta, sa'an nan ya sayar da ita a Murzuk. Ɗalibin da ya kawo waɗannan ya cancanci yabo, amma aikinsa bai ƙare ba, domin sunan jigo kaɗai ya haɗa. Gulma a can, gulma a nan. Cin amana a can, cin amana a nan. In an tsaya a nan, darasin bai wuce ƙidayar kamanni ba.

Abin da ya fi amfani shi ne inda waƙar da littafin suka saɓa. Ɗan Maraya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya ɗauki karen mota da lebura ya ba su baki, ya sa mai saurare ya tsaya wajen wanda a ke taka wa. Tafawa Ɓalewa bai yi haka ba. Bayin da Makau da abokansa suka kamo a ƙasar Gwari ba su da suna, ba su da magana, lissafi ne kurum da a ke gardama a kansa gaban Sarki. Zaluncin da littafin ya gani a babin nan shi ne ƙaryar da aka yi wa Makau. Harin kansa an ba da labarinsa kamar yadda a ke ba da labarin fita farauta. Mai karatu yana jin tausayin Makau, alhali kuwa sana'ar da Makau ya fita yi ita ce ta komo ta cinye matarsa da ɗanta. Ko marubucin ya nufi a ga haka, ko kuwa labarin ne ya fi ƙarfin mai ba da shi, masana suna iya yin saɓani, amma ɗalibi ba zai kai ga tambayar ba sai an ajiye masa muryar da ke magana a madadin na ƙasa kusa da shafin da ya yi shiru a kansu. Har wa yau, a tuna cewa dokar Lugard ta 'yanta waɗanda aka haifa daga Afrilu 1901 ne kaɗai, ba a soke bauta ɗungum a Nijeriya ta Arewa ba sai 1936, shekara biyu bayan fitowar littafin. Masu karatunsa na fari sun san bayi da idonsu.

Shata kuwa (ya rasu a 1999), duk da son da ɗalibai su ke yi masa, ba shi da wurin zama sosai a nan. Bakandamiyarsa bugun ƙirji ce daga farko har ƙarshe, Umar kuma ko da ya zama shaihi bai taɓa yi wa kansa kirari ba. Waƙoƙin fada irin na Narambaɗa suna da amfani ta wata fuska dabam: suna yabon sarki da yaƙe-yaƙen kakanninsa, watau muryar da mahayi ya ke ji a bayansa ke nan sa'ad da ya ke ɗaura sirdi. Malami yana iya kunna ɗaya kafin a karanta babin harin, ya bar ɗalibai su ji yadda abin ya ke da daɗi a kunne, kana a buɗe littafin.

Waƙar da ta dace da Umar kansa tana nan cikin Zazzau. Ita ce Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan da ya rasu a 1990. Wani zai ce ai wannan rubutacciya ce, ba ta makaɗa ba. Gaskiya ne, amma ba ta wajen takarda yawancin mutane suka san ta ba. A bakin makafi da almajirai masu bara suka ji ta, da kuma rediyo, har wanda bai iya karatu ba ya haddace baitocinta. Sunanta daga Larabci ya ke, ma'anarsa yayewar ƙunci, kuma cikinta yabon Annabi ne da gargaɗi a kan rudin duniya da tuna mutuwa. Ruhun Shaihu Umar ke nan: ƙunci daga Allah, buɗi daga Allah, aikin bawa haƙuri da neman sani. Tsarinsu ma ya yi kama, gama labarin Umar a bakinsa ya ke fitowa, yana zaune a Rauta cikin almajiransa, watau wa'azi ne da aka yi da rayuwar mai wa'azin. Sai dai dacewar ta yi yawa har tana iya rufe ƙofa. Ɗalibin da ya kawo Imfiraji ya fahimci abin da littafin ya ke son a fahimta, kuma da wuya ya sake tambayar wani abu.

Saura uwar, kuma a nan ne dabarar ta kan kasa. Ita kaɗai ce a littafin ta yi abin da a ke tsammani ga jarumin labarin tsira. Ta bar zaman lafiya a Maƙarfi ta fita neman ɗanta, aka kama ta, aka yaudare ta, ta kai ƙara gaban alƙali a Murzuk ba ta sami gaskiyarta ba, ta ƙi saduda ga ubangijinta Ahmad har ya azabtar da ita, ta kai Tarabulus a ƙanjame, ta ga ɗanta, ta mutu. Mai haƙuri ya rayu ya zama shaihi, mai ƙoƙari ta ƙare a baƙuwar ƙasa. Wace waƙa za a ɗora a kan wannan? Ɗalibai mata su kan kawo Barmani Choge ta Funtuwa (ta rasu a 2013), don ita ce muryar mata da suka sani. Amma amadarta ta matan da ke zaune a ɗakunansu ce, masu kishiya da biki da sana'a, tana zuga su su nemi na kansu; wadda aka raba da ɗaki da ɗa da 'yanci ba ta cikin wannan taro.

Abin da ya fi kusa da ita shi ne waƙoƙin da ba su da mai su, na niƙa da na daka da na reno, inda mace ta ke faɗa wa dutse da turmi abin da ba ta faɗa wa miji. Waɗannan ba a cika samun su a faifai ba. Littafin Baba of Karo (1954), wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, yana da irin waƙoƙin nan na mata, yana kuma da labarin danginta da mahara suka kama aka fanso su da kuɗi. Ya dace a ajiye shi kusa da Shaihu Umar a ko wace kwalejin horon malamai, ko da shi ke da Turanci aka buga shi. Ɗalibi kuwa, in an zo babin uwar, gara a hana shi wayar hannu a aike shi gida wurin kakarsa da takarda da alƙalami, ya rubuto waƙar da ta ke yi a bakin dutsen niƙa tana yarinya, da sunan wadda ta koya mata, da garin da aka kawo wannan matar daga gare shi in tsohuwar ta yarda ta faɗa.