Fatar da Ke Cikin Zabira

In ana lissafa kayan wanzanci, aska ce kan gaba, sai ƙaho, sai jarfa da almakashi. Da wuya a tuna da guntuwar fatar da wanzami ke goga aska a kai kafin ya ɗora ta bisa kan mutum. Ni kuwa ita nake fara dubawa. Ko a Ka'oje kake zaune gabansa ko a kasuwar Tsamiya can bakin iyakar Benin, fatar nan za ta faɗa maka irin hannun da ka miƙa wa kanka.

Mutane da yawa na ɗauka aikinta ɗaya da na dutsen washi. Ba haka ba ne. Dutse cin ƙarfe yake yi, ya fitar da sabon baki. Shi ake nema in aska ta dakushe ko ta yi giɓi. Fata kuwa kusan ba ta cin komai. Bakin aska ya fi gashin da yake yankewa siranta, kuma kowane aski yakan ɗan lanƙwasa shi ta yadda ido ba ya gani. Fata ce ke miƙar da shi, ta share ɓurɓushin da dutse ya bari. Shi ya sa wanzamin da ya san fata yakan daɗe bai koma ga dutse ba, askar da maƙeri ya ƙera masa ta yi shekaru ba ta siɗe ba. Wanda bai san ta ba kullum yana kan dutse, askarsa na ƙarewa, wanda ake wa aski kuma na cije baki tun ba a zo gaban goshi ba.

Gugar kanta abar koyo ce. A ja fatar ta miƙe tsaf, domin in ta yi sako-sako sai ta naɗe bakin ta dakusar da shi. A kwantar da aska, bayanta ne zai shiga gaba, baki na biye. In an kai ƙarshe, a juya ta kan bayanta. Yaron wanzami da ya juya ta kan baki zai tsarge fatar, ya kashe kaifin da ubangidansa ya sha wahalar fitarwa. Ba a dannawa. Nauyin askar ya isa.

Wajen zaɓin fata, suna kan ruɗi mutum. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi fice tun zamanin da fatake ke ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Amma ga wannan aiki ta cika laushi da miƙewa, sai dai a liƙa ta kan katako. Ƙirgin shanu da majema suka jeme da bagaruwa ya fi: ga kauri, ga santsi, muddin babu tabon ƙaya ko na wuƙar fiɗa a jiki. A ƙasar Ka'oje, inda Fulani da shanunsu suka daɗe, wannan ba abin nema da nisa ba ne. Sai kula. Hunturu na busar da fatar har ta tsage, ɗan man kaɗe a tafin hannu ya wadatar, in ya yi yawa sai ta riƙa kama ƙura, ƙura kuwa yashi ce a bakin aska. Da damina, a wannan yanki na kusa da kogin Kwara, laima kan sa ta fumfuna cikin zabira.

Akwai abin da ke damuna, kuma ƙaunar sana'ar ce ta sa zan faɗe shi. Tun da Gillette ya sami rajistar rezarsa a Amurka a 1904, askar da ake wasawa ke ja da baya a duniya. A nan kuwa abin da ya fi girgiza ta cuta ce. An fara ba da rahoton ƙanjamau a Najeriya a 1986, ga kuma ciwon hanta mai bin jini, wanda ƙwayarsa ke iya kwana bakwai a busasshen jini ba ta mutu ba. Aska ana iya tafasa ta. Fata ba a iyawa. In askar da ta shafi jinin wani ta hau fata, fatar ta zama ma'ajiya, haka ma tafin hannun da wasu ke ƙarasa guga a kai.

Ban ga dalilin yar da fatar ba, amma dole a sake tsarin. A wanke aska tas kafin ta taɓa fata, a goga, a sake tsabtace ta da ruwan zafi ko sifirit kafin ta taɓa kai. Aikin jini kuwa, kaciya ko ƙaho ko tsaga, sabuwar reza ce tasa, kada ya haɗa hanya da fata ko kusa. Sarakunan aska ne ke da bakin da wanzamai za su ji a kan wannan, musamman game da askin suna, inda kan jinjiri ɗan kwana bakwai ke ƙarƙashin askar.